Station (kalmar Turanci)

*Station* kalma ce ta harshen Turanci da ake yawan amfani da ita a magana da rubutu. Asalin ma'anarta shi ne wurin tsayawa, ko wurin da aka ajiye mutum ko wani abu domin ya gudanar da wani aiki na musamman. Tana zuwa a matsayin suna, kuma tana zuwa a matsayin aikatau. Gaɓa biyu ce da ita a furucin Turawa, kuma ƙarfin murya yana kan gaɓar farko. Daga wannan kalma ce Hausa ta ari kalmar tasha, wadda jam'inta shi ne tashoshi. Ma'anonin kalmomin biyu sun haɗu a wasu wurare, sun kuma rabu a wasu, abin da yakan jawo kuskure ga ɗalibai da masu fassara.

Asalin kalmar

Kalmar ta samo asali ne daga harshen Latin, inda *statio* ke nufin tsayuwa ko wurin tsayuwa, kamar inda mai gadi yake tsayawa ko inda jirgin ruwa yake yada zango. Ita kuma *statio* ta fito ne daga aikatau *stare*, wato tsayawa. Ta shiga Turanci ta hanyar tsohon Faransanci tun kafin shekara ta 1400. Akwai wasu kalmomin Turanci da suka fito daga wannan tushe, kamar *state* mai nufin jiha ko hali, da *status* mai nufin matsayi, da *statue* mai nufin mutum-mutumi, da *stable* mai nufin abin da ya tsaya daram.

A farkon shigarta Turanci kalmar ba ta da alaƙa da sufuri irin na zamani. Ma'anar da ta fi shahara a yau, wato wurin da jirgin ƙasa yake tsayawa, ta bazu ne bayan an fara zirga-zirgar jiragen ƙasa a Ingila. An buɗe layin Stockton zuwa Darlington a 1825, sai kuma layin Liverpool zuwa Manchester a 1830. Daga nan ma'anar ta bi layin dogo zuwa ƙasashen da Ingila ta yi wa mulkin mallaka, har da Najeriya.

Ma'anoninta a matsayin suna

Ana iya karkasa ma'anonin kalmar kamar haka:

1. Wurin da abin hawa yake tsayawa domin ɗauka da sauke fasinja ko kaya. Misali *railway station* ko *train station*, wato tashar jirgin ƙasa, da *bus station*, wato tashar bas.
2. Gini ko wurin da ake gudanar da wani aiki na hidimar jama'a. Misali *police station*, ofishin 'yan sanda. *Fire station*, ofishin 'yan kwana-kwana. *Power station*, tashar samar da wutar lantarki. *Polling station*, rumfar zaɓe.
3. Wurin sayar da man fetur. A Ingila ana cewa *petrol station*, a Amurka *gas station*, a Najeriya kuwa an fi jin *filling station*. Bahaushe yana kiran sa gidan mai.
4. Kafar yaɗa shirye-shirye, wato *radio station* da *television station*.
5. Wurin binciken kimiyya, kamar *weather station* inda ake auna yanayi, da *space station*. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda aka harba ɓangarenta na farko a 1998, ana zaune a cikinta babu yankewa tun watan Nuwamba na shekara ta 2000.
6. Wurin da aka tura ma'aikaci ko soja ya yi aiki, wato *duty station*.
7. Matsayin mutum a cikin al'umma. Wannan tsohuwar ma'ana ce da aka fi gani a littattafan adabi, kamar a furucin *station in life*. Idan aka ce wani yana da tunani *above his station*, ana nufin yana kai kansa inda Allah bai kai shi ba.

Akwai kuma ma'anonin da suka keɓanta da wasu wurare ko fannoni. A Ostireliya da New Zealand ana kiran babbar gonar kiwon tumaki ko shanu da wannan suna. A addinin Kirista, musamman ɗariƙar Katolika, *Stations of the Cross* matakai 14 ne da ake tunawa da su a ibada. Masu fassara littattafan Musulunci zuwa Turanci suna amfani da kalmar wajen fassara *maƙam* ta Larabci, shi ya sa ake rubuta Maƙamu Ibrahim da ke Masallacin Harami a matsayin *Station of Abraham*. Haka ma maƙaman da sufaye suke magana a kansu.

A matsayin aikatau

Idan kalmar ta zo a matsayin aikatau, tana nufin girke wani ko ajiye shi a wani wuri domin aiki. An fi amfani da ita ga sojoji da jami'an tsaro da ma'aikatan gwamnati, kuma mafi yawan lokaci jimlar takan zo ba tare da an ambaci wanda ya yi turawar ba.

- *Soldiers were stationed at the border.* An girke sojoji a kan iyaka.
- *She is stationed in Daura.* A Daura aka tura ta aiki.
- *He stationed himself at the door.* Ya kafa ya tsare a bakin ƙofa.

Hausa ba ta ari wannan amfani ba. Ba a mayar da tasha aikatau, sai dai a yi amfani da girke, ko tura, ko ajiye, ko jibge idan ana maganar dakaru masu yawa.

Kalmomi masu kusancin ma'ana

Babu kalmar Turanci guda da za ta maye gurbin *station* a kowane muhalli. Kowace ma'ana tana da nata 'yan'uwa, kuma akwai bambanci a tsakaninsu.

A fannin sufuri, *stop* ƙaramin wuri ne a bakin hanya inda mota take ɗan tsayawa ta wuce, ba lallai ne a sami gini a wurin ba. *Terminus* ita ce tashar ƙarshe inda layi ya tuƙe. *Terminal* babban gini ne na fasinja ko kaya, kamar na filin jirgin sama. *Depot* wuri ne da ake ajiye motoci ko kaya ko mai, kuma a wasu sassan Amurka akan kira tashar jirgin ƙasa da wannan suna. A Turancin Najeriya, sunan da aka fi sani na tashar mota shi ne *motor park* ko *park* kawai, wasu kuma sukan ce *garage*, musamman a kudu maso yamma.

A fannin aiki da tsaro, akwai *post* da *base*. Ta farko takan nufi ƙaramin wuri mai jami'ai kaɗan, ta biyu kuwa babban sansani ne. A fannin yaɗa labarai akwai *channel*, wadda aka fi jingina wa talabijin, yayin da rediyo ya fi tafiya da *station*. A ma'anar matsayi kuwa akwai *rank*, *status*, *position* da *standing*, kuma waɗannan su ne mai magana na yau zai fi zaɓa.

Yadda ta zama tasha a Hausa

Layin dogo ya iso Kano a 1911, kuma cinikin gyaɗa ya bunƙasa bayan haka. An kai layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda a 1929, wanda ya ratsa ta Funtuwa da Gusau, sai layin Kano zuwa Nguru a 1930. A wannan zamani ne kalmomin Turanci masu yawa da suka shafi sufuri da aikin gwamnati suka shiga Hausa. Yawancin waɗanda suka fara ɗaukar su ba su yi karatun boko ba. Da kunne suka ji su daga bakin Turawa da ma'aikatan da suka zo daga kudu, suka kuma daidaita su da tsarin sautin harshensu. Masu nazarin harshe suna kiran wannan hausantarwa.

Canje-canje uku ne suka faru da kalmar:

1. Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu a jere. Hanyar da aka fi bi ita ce a saka wasali a tsakaninsu, kamar yadda *store* ta koma sito, *starch* ta koma sitaci, *steering* ta koma sitiyari, *driver* ta koma direba. A kalmar tasha kuwa an bi wata hanya dabam, an jefar da baƙin farko gaba ɗaya.
2. Yawancin sunayen Hausa suna ƙarewa da wasali, saboda haka baƙin ƙarshe ya faɗi, kalmar ta ƙare da *a*.
3. Da yake ta ƙare da *a*, sai ta shiga jinsin mace kamar yawancin sunaye masu wannan ƙarshe. Shi ya sa ake cewa tashar mota da tasha ce, ba a cewa tashan mota a daidaitacciyar Hausa. Jam'inta ya bi tsarin da ake maimaita baƙin ƙarshe, kamar mota da motoci, taga da tagogi, hanya da hanyoyi.

Saboda kamannin furuci, wasu suna ɗauka cewa tasha ta fito ne daga aikatau tashi, tunda daga nan motoci suke tashi. Wannan kamanni ne kawai na sauti. Tushen kalmar a Latin tsayawa yake nufi, wanda shi ne kishiyar tashin mota. Haka nan ba ta da alaƙa da tashe, wasan da yara suke yi a watan azumi.

Inda ma'anonin suka rabu

Bayan kalmar ta zauna a Hausa, ta faɗaɗa zuwa wuraren da Turanci ba ya amfani da *station*. Ana cewa tashar jirgin ruwa, alhali Turanci *port* ko *harbour* yake cewa. Ana cewa tashar jirgin sama ko filin jirgin sama, alhali Turanci *airport* yake cewa. Wuraren sauke kwantena da ke nesa da teku, kamar na Dala a Kano da aka ƙaddamar a 2023 da na Funtuwa a Jihar Katsina, kafafen labarai na Hausa suna kiran su tashoshin tsandauri. A zamanin intanet kuma an samu tashar YouTube, wadda a Turanci *channel* ce.

A ɗaya ɓangaren, akwai wuraren da Turanci yake cewa *station* amma Hausa ta zaɓi wata kalma. Wurin sayar da fetur gidan mai ne. Wurin 'yan sanda ofishin 'yan sanda ne, ko caji ofis, wadda ita ma aro ce daga *charge office*. Unguwar da jami'an mulkin mallaka suke zama, wadda takardunsu suke kira *station*, Hausawa bariki suka kira ta, daga kalmar *barracks*.

A fannin yaɗa labarai kalmomi biyu ne suke aiki tare. Gidan rediyo ya fi nuni ga ma'aikatar da gininta da ma'aikatanta, kamar a ce gidan rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962. Tasha kuwa ta fi nuni ga abin da mai sauraro yake kamawa a akwatinsa, kamar a ce kamo tashar BBC, ko canza tasha. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, tashar talabijin ta Arewa24 kuwa a 2014.

Kalmomin da suka riga ta

Kafin zuwan jirgin ƙasa da mota, Hausa tana da kalmominta na wurin tsayawar matafiya. Mafi shahara ita ce zango, wato inda ayarin fatake yake sauka ya kwana kafin ya ci gaba. Daga nan aka samu yada zango. Sunan yana nan a garuruwa da unguwanni da yawa, har da garin Zango a masarautar Daura, da unguwannin Zango na Hausawa da sauran baƙi Musulmi a Ghana da Togo da Benin. Akwai kuma masauki, daga aikatau sauka.

A ma'anar daraja, Hausa tana da kalmomi biyu da gininsu ya yi kama da na *station*. Matsayi ta fito ne daga tsaya tare da ɗafa-goshin *ma-* mai nuna wuri, wato inda mutum ya tsaya. Muƙami kuwa aro ce daga *maƙam* ta Larabci, wadda tushenta shi ma tsayuwa yake nufi. Ke nan Latin da Larabci da Hausa duk sun kwatanta darajar mutum da wurin da yake tsaye. Saboda haka fassarar da ta dace da *station in life* ita ce matsayi a rayuwa.

Amfanin yau da kullum a ƙasar Daura

Masarautar Daura ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar na Jihar Katsina, wato Daura, Ɓaure, Zango, Sandamu da Mai'aduwa. Layin dogon zamanin Turawa bai biyo ta wannan yanki ba. Saboda haka idan aka ce tasha kawai ba tare da ƙarin bayani ba, tashar mota ake nufi.

Garin Babban Mutum, da ke ƙaramar hukumar Ɓaure kusa da iyakar Najeriya da Jamhuriyar Nijar, misali ne na inda ma'anonin kalmar suke haɗuwa a wuri guda. Hanyar da ta ratsa garin tana kaiwa ga Magarya a yankin Damagaram, kuma akwai jami'an kwastam da na shige da fice a bakin iyakar. A Turanci za a ce jami'an *stationed* suke a wurin, wurin aikinsu kuma *border post* ne. Mutanen gari kuwa boda suke cewa ko kan iyaka, su bar tasha ga inda ake shiga mota. A tsallaken iyaka harshen boko Faransanci ne, inda tashar jirgi ko ta mota take *gare*, amma Hausawan Nijar su ma suna amfani da kalmar tasha a maganar yau da kullum.

Tashar mota tana da nata kalmomi, kuma da yawansu aro ne daga Turanci. Akwai direba da kwandasta, da ɗan kamasho mai kiran fasinja, wanda sunansa ya fito daga *commission*, da lodi daga *load*. Akwai kuma na Hausa zalla kamar yaron mota da 'yan dako. Ƙungiyar direbobi ta ƙasa, NURTW, wadda aka kafa a 1978, ita ce take kula da tsarin lodi a yawancin tashoshin ƙasar. Misalan jimloli:

- Motar Daura ta cika, ta bar tasha tun da safe.
- Kada ka shiga motar bakin hanya, je ka tasha ka shiga.
- An aiko da saƙo ta tasha, sai a je a karɓa wurin 'yan kamasho.

Jimla ta biyu tana ɗauke da shawarar da iyaye suke yawan ba matafiya. Motar tasha an san direbanta kuma ƙungiya tana da masaniya a kanta, saboda haka ana ganin ta fi aminci, ko da kuɗinta ya ɗan fi na bakin hanya.

Ma'anar tashar jirgin ƙasa tana iya samun gindin zama a yankin nan gaba. A ranar 9 ga Fabrairu 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda aka tsara zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal aka ba kwangilar. A Daura ne kuma aka kafa Jami'ar Sufuri ta Tarayya.

Ɗan tasha

Hausa ta gina wata ma'ana a kan kalmar wadda babu ita a Turanci. Ɗan tasha, jam'i 'yan tasha, a zahiri yana nufin mai neman abinci a tashar mota. A maganar yau da kullum kuwa ya zama zargi ga mutumin da ake ganin ba shi da tarbiyya, mai ashar da rashin kunya. Ana cewa halin 'yan tasha, ko a ce wa yaro nan ba tasha ba ce idan ya cika hayaniya a gida. Irin wannan sauyi ya faru da bariki, inda ɗan bariki ya koma nufin wanda idonsa ya buɗe da yawa har ya bar al'adar gida.

Dalilin wannan ma'ana shi ne yadda al'umma take kallon tasha a matsayin wurin da baƙi suke cakuɗuwa, inda yaro yake nesa da idon iyaye da malamai. Sai dai furucin yana yi wa mutane da yawa kuɗin goro, domin direbobi da 'yan dako da masu sayar da abinci a tasha magidanta ne masu ciyar da iyali da guminsu. Saboda haka a rubutun labarai da na hukuma an fi amfani da ma'aikatan tasha ko ma'aikatan sufuri. Mai fassara kuma ba zai mayar da ɗan tasha zuwa Turanci kalma da kalma ba. Idan zagi ake nufi, kalmomi irin su *tout* ko *ruffian* sun fi kusa, idan kuwa sana'a ake nufi sai a ce *motor park worker*.

Kurakuran da ɗalibai suke yi

Kuskuren da ya fi yawa shi ne rikita *stationary* da *stationery*. Furucinsu ɗaya ne, harafi guda ne ya raba su a rubutu. Ta farko sifa ce mai nufin abin da yake tsaye ba ya motsi, kamar a jimlar *The lorry was stationary*, wato motar a tsaye take. Ta biyu suna ce mai nufin kayan rubutu, kamar takarda da biro da ambulan. Dukansu daga tushe ɗaya suke. A garuruwan jami'o'in Turai na da, *stationer* shi ne mai sayar da littattafai da yake da rumfa tsayayya, saɓanin mai yawon talla, kuma daga sunansa aka samu sunan kayan da yake sayarwa. Hanyar tunawa da malamai suke koyarwa ita ce harafin *e* na *stationery* ya yi daidai da na *envelope*, wato ambulan.

Kuskure na biyu shi ne fassara tasha da *station* a ko'ina. Ɗalibin da ya rubuta *ship station* yana nufin tashar jirgin ruwa, ko *aeroplane station* yana nufin filin jirgin sama, ya yi Hausa ne da kalmomin Turanci, kuma irin wannan yana rage maki a jarrabawar WAEC da NECO. Haka nan fassara *police station* da tashar 'yan sanda ba ta dace da yadda Hausawa suke magana ba, ko da yake akan ci karo da ita a fassarar na'ura.

Kuskure na uku ya shafi ƙananan kalmomin da suke rakiyarta. Ana cewa *at the station* ga wanda yake tashar, da *to the station* ga wanda ya nufi can, da *on a station* ga shirin da ake watsawa a rediyo. Ga aikatau kuwa ana cewa *stationed in* idan gari ne ko ƙasa, da *stationed at* idan wani takamaiman wuri ne, kamar ƙofa ko barikin soja ko bakin iyaka.